Akori-kura Mai Tari

Tun da Tsoho ya rasu Kaka ta daina cin abinci. Ba fushi ta yi da kowa ba, ba kuma ciwo ne ya kama ta ba. Jira take yi. Duk tsawon zamansu ba ta taɓa sa hannu a kwano ba sai mijinta ya dawo daga aiki sun zauna tare. To yanzu da tsufa ya cinye mata ido ya kuma taɓa mata tunani, sai kanta ya koma can baya ya yi zamansa, zamanin da Tsoho ke fita da akori-kurarsa da safe yana dakon kayan 'yan kasuwa, ya dawo da yamma. A kai mata abinci, ta laluba ta shafa murfin, ta tura kwanon gefe.

"Rufe ki ajiye. Sai ya dawo."

Kada ka ce ɓoye mata aka yi. An gaya mata. Gwaggo, babbar 'yarta da ke jinyarta, ta durƙusa a gaban gado ta ce, "Inna, Baba fa Allah Ya yi masa rasuwa." Kaka ta ɗora hannu a ka ta yi kuka kamar yanzu aka fita da gawar, ta yi har barci ya ɗauke ta, ta farka ta tambaya ko an ji motarsa. Aka sake gaya mata, ta sake sabon kuka. Daga nan Gwaggo ta ce ita kam ta gaji da kashe ubanta da bakinta kullum, duk mai iyawa ya zo ya yi. Ba wanda ya iya.

Dabara ɗaya ce ta rage, ita ce kuma ke riƙe da ran tsohuwar. Gwaggo takan cika cokali ta kai mata baki ta ce, "Inna, ɗanɗana mini gishiri kafin Baba ya dawo, kin san halinsa." Kaka ta karɓa, ta jujjuya a baki, ta haɗiye. "Ƙara kaɗan." Gwaggo ta fita kicin ta yi tsaye, ba ta ƙara komai ba, ta dawo da wani cokalin. "Yanzu fa?" Da wannan, da ɗan shayin da ake lallaɓa ta ta kurɓa, ake kwana ake tashi. Likita ya zo ya sa mata ƙarin ruwa, ta fizge allurar. Ya tattara kayansa, ya ce da Gwaggo a bakin ƙofa shi bai ga ciwon da zai ba wa magani ba, amma mutum ba ya rayuwa da ɗanɗana gishiri.

A cikin jikokin kaf, Maisuna ne abin ya fi ci wa rai. Sunan Tsoho aka sa masa, Kaka kuwa ba ta faɗin sunan mijinta, shi ya sa ta laƙaba masa Maisuna tun yana cikin zanen goyo, sunan ya bi shi har shagon askinsa. Mutum ne mai tsanani a aiki. Gashi ɗaya ya tsaya a ƙeyarka ba zai bar ka ka tashi daga kujera ba, ko kana rantsuwar ka makara. Kullum in rana ta yi sanyi yakan rufe shago ya zo, ya yi sallama da ƙarfi don ta ji.

"Amarya, ga angonki ya dawo. A kawo abinci."

"Tafi can, mijin wasa," in ji Kaka. "Kai da kake aske gemun mutane naka ya ƙi fitowa."

Ta yi dariya, muryar ta fito 'yar siririya. Ya riƙe hannunta, ya ji awarwaron da a da yake cika mata hannu yanzu yana zamewa har gwiwar hannu. Ya daina dariya.

Wata yamma yana zaune a wurinta, wani tsohon janareta a maƙwabta ya yi fat! fat! kafin ya kama. Sai ga Kaka zaune zumbur, ita da sai an tallafe ta take tashi.

"Ga shi nan! Ke, zuba abinci!"

Ta karkata kunne, ta yi shiru, ta saurara. Fuskarta ta saki a hankali.

"A'a. Ba Mai Tari ba ce."

Ta koma ta kwanta. Mai Tari kuwa shi ne sunan akori-kurar Tsoho a gidan. Maisuna ya bi Gwaggo kicin.

"Gwaggo, kin ga abin da na gani?"

"Na gani. Kada ka sa rai, ɗan nan."

"In ta ji motar a ƙofar gida za ta ce a zuba. In aka zuba ta buɗe kwano, ai an gama."

"Wace motar? Wadda kaji ke ƙwai a ciki?"

Ita ɗin dai. Tana bayan gida a gindin bishiya, inda Tsoho ya ajiye ta tun ranar da ƙafafunsa suka ƙi taka kuloci, lokacin Maisuna yana ɗan firamare. Kafin ya rasu ya kira takwaran nasa ya damƙa masa makullin, 'yan'uwa suka yi ta dariya, wai Maisuna ya gaji akurki mai taya huɗu. Tayoyin ma sun nutse a ƙasa har rabi. Fentin da a da shuɗi ne ya koma launin tsatsa. Ɓeraye sun cinye soson kujera sun bar ƙarfen. Ƙofar direba waya ce ke riƙe da ita, madubin gefe da tsumma aka ɗaure shi. Maisuna ya ɗaga murfin inji, kaza ta tashi a fuskarsa tana kururuwa.

Aka jawo ta da igiya zuwa garejin Sai-Gobe, yara na bin su suna ihu. Sai-Gobe dattijon bakanike ne, ya samo sunan don duk wanda ya tambaye shi motarsa amsar ke nan. Amma fa ba lalaci ba ne. Shi dai ba ya sakin aiki sai ya ji ya kwanta masa a rai, kuma yana da doka ɗaya da kowa ya sani a layin: mota ba ta fita daga garejinsa tana wata ƙara da ba ta kamata ba. Ya zagaya akori-kurar yana girgiza kai.

"Allah Ya jiƙan kakanka. Wannan motar tun ina yaron gareji na san ta. Bai taɓa kawo ta gyara ba sai ta mutu murus a tsakiyar titi. Waya da tsumma, su ne bakanikensa."

Maisuna ya gaya masa dalili, bai rage komai ba. Sai-Gobe ya saurara, ya goge hannu da ƙyalle, ya daɗe yana gogewa.

"Za ta tashi," ya ce. "Amma ni ba ni da hannu huɗu. Ka tuɓe rigar nan."

Daga ranar shagon aski ya zama na rabin yini. Abokan cinikinsa suka fara komawa wurin wani a ƙarshen layi, Maisuna bai ko ɗaga kai ba. Hannun da ya saba da almakashi da hoda ya koyi sifana, ya tsattsage, baƙin mai ya shige ƙarƙashin farce ya ƙi fita. Suka sauke tankin mai suka wanke dattin da ya daskare a ciki. Suka kwance kafireta ɗaiɗai suka jiƙa ta a fetur cikin wani tsohon kwano. Lagireto, ma'ajiyar ruwan sanyaya inji, duk huda, aka kai wa mai walda. Fulogai sun kama, sai da suka sha mai kwana da kwanaki kafin su yarda su juya. Wayoyin wuta kuwa, wayyo, Tsoho ya yi musu ƙulli iri-iri har Sai-Gobe ya zauna a ƙasa yana dariya yana share hawaye, wai wannan ba wayarin ba ne, kitso ne.

Kowace yamma Maisuna ya wanke hannu ya tafi wurin Kaka da warin fetur a jikinsa. Ranar farko ta shaƙa, ta kama rigarsa ta sake shaƙa.

"Kana warin kakanka. A ina ka gan shi?"

"Yana hanya, Kaka."

"To. Hanyar nan tasa ba ta ƙarewa."

Ya fita waje ya jingina da bango. Ƙarya ce ƙarama, amma ta yi masa nauyi a ƙirji. Gwaggo ta cire awarwaron nan ta ajiye, don ya fara zubewa da kansa.

"Baba, yaushe?" yakan tambayi bakaniken da safe.

"Sai gobe."

"Ba ni da goben nan da yawa fa."

"Na sani. Miƙo mini sifanar can."

Ranar da suka zo kan salansa, wato bututun hayaƙin da ke bi ta ƙarƙashin mota, Maisuna ne a kwance a ƙasa. Ya haska ya ga abin da ya sa shi tsaki. Bututun ya ci tsatsa, a tsakiyarsa akwai wata huda, Tsoho ya fasa gwangwanin madara ya naɗe wurin, ya ɗaure da wayar shanya. Gwangwanin ma ba a ɗaure yake tamau ba, yana lilo, ka taɓa shi ya yi ƙara.

"Baba, zo ka ga wani ikon Allah."

Sai-Gobe ya leƙa ya riƙe baki.

"Cire. Hayaƙi zai riƙa shigo maka ciki. Akwai wani mai kyau a bayan shago, daidai ita."

Maisuna bai yi wata-wata ba. Abin ya tsaya masa a ido kamar gashin nan na ƙeya. Ya sa guduma ya fasa notin da suka ƙi kwancewa, ya jawo tsohon bututun da gwangwaninsa da wayarsa, ya wurga kan tulin ƙarafa. Har wani daɗi ya ji. A tunaninsa muryar mota a inji take, injin kuwa na Tsoho ne, ba su canza shi ba. Motar da sunanta Mai Tari, jama'a! Mutum biyu masu hankali, ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa daga ina tarin yake fitowa. Kowannensu hannunsa ne ya yi masa tunani, hannun da bai iya ganin abu a karkace ya wuce ba.

Motar ta tashi wata safiya. Sai-Gobe ya sa sabon batir, ya ɗiga fetur a kafireta, ya ce, "Murɗa." Injin ya yi gurnani, ya yi shiru, ya sake, sannan ya kama. Baƙin hayaƙi ya cika garejin, ya washe. Dattijon ya sa sukundireba yana juya wata 'yar ƙusa, kunnensa a kan injin, har ƙarar ta kwanta ta koma sumul, kamar ta keken ɗinki. Ya ɗago yana murmushi.

"Ka ji? Ko ranar da aka ƙera ta ba ta yi wannan muryar ba."

Maisuna ya rungume shi, baƙin mai da komai.

Da yamma, daidai lokacin da Tsoho ke dawowa, ya shigo layin gidan.  Ya sha kwanar da ke bakin kwalbati, ya gangaro, ya tsaya a ƙofar gida daidai tagar ɗakin Kaka. Ya bar injin yana aiki. Ya jira ya ji an ce a zuba abinci. Shiru. Ya taka totur, injin ya amsa lafiya lau. Shiru. Ya kashe ya shiga. Ya tarar da Gwaggo tana ninke kaya, Kaka na kwance fuskarta na bango.

"Au, ka zo?" in ji Gwaggo. "Ina motar?"

"Tana waje. Tun ɗazu nake ƙofa."

"Ban ji shigowarka ba."

Ta fita ta duba. Ya tayar mata. Ta tsaya hannunta a ƙugu tana saurare, can ta dube shi.

"Maisuna, ina tarin?"

"Wane tari?"

"Tarinta mana! In Baba ya sha kwanar can ya ɗaga ƙafa daga totur, sai ta yi fat-fat, sannan wani abu a ƙarƙashi ya kama kar-kar-kar har ƙofar gida. Tun daga kwalbati muke sanin shi ne. Wannan ai motar kowa ce."

Ya koma ɗaki ya durƙusa, ko da rabon a dace.

"Kaka, ba ki ji mota ba?"

"Na ji. Baƙi ne wajen maƙwabta."

Garin gyaran gira an rasa ido. Maisuna bai tsaya sallama ba, ya ja motar ya koma gareji kafin a rufe. Tulin ƙarafan babu shi, wurin a share tas. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo sun kwashe tun kwanaki. Washegari ya bi su har filinsu, wani wuri mai faɗi inda duwatsun tsatsa suka fi gini tsawo. Ya kwatanta wa mai wurin: bututu kaza, da gwangwanin madara, da wayar shanya. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa.

"Malam, lafiyarka kuwa? Kayan makon jiya an matse su an loda, sun tafi narkawa."

Duk da haka ya shiga ya yi ta tono har rana ta take, ƙarfe ya yanke shi a tafin hannu. Bai samu ba. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya yi kuka, kukan takaici, shi da kansa ya jefar, ba wanda ya sa masa wuƙa a wuya.

Ya dawo gareji da gwangwanayen madara cike da leda.

"Baba, huda za mu yi."

"A ina?"

"A sabon salansa."

Sai-Gobe ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Kai yaro, tun kafin a haife ka nake toshe huda. Yau ka ce in yi ta da hannuna? In mota ta fita daga nan tana wannan ƙarar, me za a ce da ni a layi?"

"A ce abin da za a ce. Kakata ce ke mutuwa."

Dattijon ya juya. Ya shiga shago, ya fito da kurfin huda ƙarfe da guduma, ya miƙa masa.

"Ni ban iya ɓata aiki ba, wallahi ban iya ba. Kai ka buga. Zan nuna maka wurin."

Ya kwanta a gefensa, ya sa yatsa a daidai inda tsohuwar hudar take, ya kau da kai. Maisuna ya buga.

Ashe ɓatawa ma sai da gwaninta. Hudar farko ta yi ƙanƙanta, motar ta riƙa fito kamar buta. Suka faɗaɗa, ta koma ruri kamar babbar mota. Gwangwanayen yanzu kuma ba su da kauri, ƙararsu ba ta da nauyi. A ɗaure tamau, shiru. A sassauta, ya faɗi a hanya. Maisuna bai ma san abin da yake nema ba, don shi abin da ya riƙe na muryar motar bai fi mafarki ba. Dole aka ɗauko Gwaggo, ta bar wata maƙwabciya a wurin Kaka, ta zo ta zauna a kan benci a bakin gareji da mayafinta, ta rufe ido. Shi kuma ya je ƙarshen layi ya dawo, ya ɗaga ƙafa a kwana.

"Ba haka ba."

Ya shiga ƙarƙashi, ya fito, ya sake zagayowa.

"Ya yi kaifi. Nata a dishe yake."

Aka yi ta yi. Makanikan layin suka bar aikinsu suna kallo, wasu na dariya, wai Sai-Gobe ya tsufa, yanzu koya wa mota tari yake.  Shi ne ma da kansa, da ya ga abin ya ƙi, ya je ya kwance gwangwanin da yake zuba ƙusoshi a ciki, wani tsoho mai kauri irin na da, ya zazzage ƙusoshin a ƙasa ya miƙa. Sannan ya buɗe murfin inji, ya sa sukundireba a 'yar ƙusar nan da ya ɓata safiya guda yana daidaitawa, ya murɗa ta baya. 

"Je ka."

Maisuna ya je ƙarshen layi, ya juyo, ya sha kwana, ya ɗaga ƙafa. Fat-fat! Sannan kar-kar-kar-kar, a dishe, har bakin gareji. Gwaggo ta sunkuyar da kai. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Masu dariya suka koma bakin aikinsu.

Washegari Gwaggo ta yi girki mai kyau, irin wanda Kaka ke so, ta zuba a kwanon da suke ci ita da Tsoho. Da rana ta ba ta cokalin gishiri ta karɓa da ƙyar. Ƙarfinta ya ƙare, magana ma sai an sa kunne.

Da yamma Maisuna ya shigo layin. Ya yi addu'ar duk da ya iya. Ya sha kwanar kwalbati, ya ɗaga ƙafa, Mai Tari ta yi tarinta, gwangwani ya ɗauka har ƙofar gida. Kafin ya kashe injin ya jiyo muryar ta taga, da ƙarfin da ya manta tana da shi.

"Ya dawo! Ke, ya dawo! Ina ɗankwalina? Kawo ruwan wanke hannu!"

Ya kifa kai a kan sitiyari ya ce alhamdu lillahi. Ya share ido, ya shiga da sauri.

Kaka na zaune a bakin gado, ta ɗaura ɗankwali a karkace. Kwanon na gabanta a kan ɗan tebur, ta buɗe murfin da hannunta, tururi na tashi. Fuskarta ta yi haske, wallahi kamar an rage mata shekaru. Gwaggo na tsaye a gefe. Kaka ta karkata kai wajen ƙofa tana jin taku.

"Maisuna ne? Tare kuke? To ce masa ya bar motar nan haka ya shigo. Kullum sai ya tsaya shafa ta kamar doki."

Maisuna ya tsaya cak. Duk tsawon kwanakin nan tunaninsa a ƙofar gida ya tsaya. Bai taɓa tunanin abin da zai biyo bayan an kashe inji ba.

"Kaka," ya ce, "ya ce ki fara, yana zuwa."

"Shi ya ce? Kai dai ka faɗa. Bai taɓa cewa in fara ba, ni ma ban taɓa farawa ba."

Ya zauna a gefenta, ya wanke hannu, ya tattaro ɗan abin da ya rage masa na wasa.

"To ai ga ni. Ni ma mijin ne. Bismillah, Amarya."

Ta laluba ta kama hannun nasa, ta ɗan bubbuga shi, tana murmushi.

"Kai na wasa ne. Kira mini na gasken."

Ta mayar da murfin ta rufe, don kada ya huce. Ta gyara zama, ta fuskanci ƙofa.

Gwaggo ta yi ƙarfin hali ta ɗebo cokali ta kai mata baki.

"Inna, ɗanɗana mini gishiri kafin ya shigo."

Kaka ta kau da kai.

"Haba ke kuwa. Mutum yana bakin ƙofa in sa cokali a baki? Ya shigo ya tarar ina tauna? Bari, shi zai faɗa."

Shayin ma ta ƙi. Washegari ta ƙi. Da can da yake hanya takan ɗanɗana, don hanya na da nisa. Yanzu kuwa yana waje, yana goge gilashi, yanzun nan zai shigo. Abubuwa da yawa sukan zube daga kan Kaka kafin gari ya waye, amma wannan ya zauna daram. Ba ta yarda ta kwanta ba sai da barci ya kayar da ita, ta farka ta laluba ɗankwalinta. Ba kuka, ba ƙorafi. Murna take yi, murnar ce ma ta fi komai ciwo a ido.

Da rana ta yi sanyi Gwaggo ta same shi a tsakar gida, ya haɗa kai da gwiwa. Idanunta sun kumbura.

"Tashi ka ɗauke motar nan."

"In kai ta ina?"

"Ko'ina. Ta ji ya tafi. Wataƙila in ya koma hanya ta karɓi cokalin."

"Gwaggo, ta ji ya zo har ƙofa ya juya bai shigo ya gan ta ba?"

"To kana da wata dabarar?"

Ya miƙe. Ya fita ya buɗe ƙofar direba, wadda yanzu take rufuwa da kyau ba waya. Ya zauna a sabuwar kujera. Ya daɗe da makullin a hannu yana kallon tagar ɗakin, labulen na motsi kaɗan. Ya roƙi Allah a ransa motar ta ƙi tashi, ko da na yau kaɗai. Amma aikin Sai-Gobe ne. Murɗawa ɗaya ta kama, ta yi tari, gwangwani ya ɗauka.

Ya sa giya. Kafin taya ta juya muryar Kaka ta fito ta taga, ba da ƙarfi ba, da mamaki kawai.

"Ke, ina kuma za shi? Bai ci komai ba fa."